Tambaya da Amsa: Wane Madabod Zan Saya Don Ƙara wa Firosesa Gudu, Ga Kuɗi Kaɗan?

Malamai, assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Zango, sana'ata haɗa bidiyon biki da suna, da dare kuma nakan taɓa wasannin kwamfuta. Na tara jaka 250 na sefa don madabod (babban allon kwamfuta) da firosesa (ƙwaƙwalwarta) da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), katin hoto ina da shi. Abokaina sun ce in ba madabod mai harafin Z na saya ba, ba zan iya ƙara wa firosesa gudu ba. Gaskiya ne? Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun faɗi rabin magana, domin wannan dokar Intel ce kawai. A wajen Intel sai abu biyu sun haɗu: firosesa mai harafin K ko KF a ƙarshen lambarsa, kamar i5-12600K, da madabod mai cifset (guntun da ke tafiyar da mahaɗun allon) na Z, wato Z690 ko Z790 ga soket (mazaunin firosesa) LGA1700. In ɗaya ya ɓace, ƙofa a rufe take. B660 da B760 suna barinka ka ƙara wa RAM gudu amma ba firosesa ba, H610 kuwa ba ya barin ko ɗaya. Ka ƙara da cewa masu K ba sa zuwa da fanka a kwalinsu, sai ka sayi naka daban. Kafin ka gama lissafi jakunkunanka sun narke.

AMD ba haka ba ne. Kusan duk firosesan Ryzen a buɗe yake zuwa, in ka cire irin 5800X3D da aka kulle, kuma madabod na matsakaicin kuɗi ma yana yarda: B450, B550, ko B650 a sabon soket AM5. Masu harafin A, wato A320 da A520 da A620, su ne ba a yi su don wannan aiki ba. Don haka shawararmu ga mai irin kuɗinka ita ce madabod B550 da Ryzen 5 5600, ko 5700X in kuɗin ya kai, tunda haɗa bidiyo yana son ƙwayoyin aiki da yawa: na farko yana da shida, na biyu takwas. Soket AM4 ya tsufa, Ryzen na farko ya hau kansa tun 2017, amma tsufan ne amfaninka, domin kayansa sun cika kasuwar na hannu kuma yana aiki da RAM nau'in DDR4. AM5, wanda ya fito a 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Madabod mai cifset X570 kuma kada ka bi shi: bai fi B550 iya ƙarin gudu ba, kuma yawancinsu suna da ƙaramar fanka a kan cifset, wadda ƙurar Damagaram za ta fara ci.

Yanzu ga inda maganar take. Sunan cifset izini kawai yake ba ka. Abin da ke ɗaukar nauyin aikin shi ne sashen da ake kira VRM, waɗannan ƙananan murabba'ai da ke jere a sama da hagun soket. Akwatin wuta yana turo bolt 12, firosesa kuwa wajen bolt 1.2 zuwa 1.3 yake ci, kuma VRM ne ke saukar da shi. Yi lissafi: firosesan da ke jan wat 150 a kan bolt 1.25 yana bukatar amfiya 120 su ratsa waɗannan ƴan abubuwan. Duk abin da ya ɓata a hanya zafi yake zama. In VRM ya yi zafi fiye da kima, madabod da kansa zai sauke gudun firosesa don ya tsira, sai ka ga bidiyo yana fita da sauri a minti biyar na farko, daga nan ya fara jan ƙafa. Mutane da yawa firosesa suke zargi, alhali madabod ne ya gaji.

To me za ka duba? Na farko, ƙarfen sanyaya a kan VRM, a ɓangarorin biyu, mai nauyi, mai tsage-tsage, wanda aka ɗaure da sukurori ba da ƙusoshin roba ba. In ka ga ƙananan baƙaƙen abubuwan nan a fili babu komai a kansu, ajiye shi, ko da B550 ne rubuce a kwali. Na biyu, mahaɗar wutar firosesa ta zama mai rami takwas. Rami huɗu alama ce ta cewa ba a yi allon don nauyi ba, ƙarin huɗu ko takwas a gefe kuwa ba bukatarka ba ce. Na uku, lambobin nan na 8+2 ko 12+2 da ake bugawa da manyan haruffa. Ta farko ita ce yawan layukan da ke ciyar da ƙwayoyin firosesa, amma kada ta ruɗe ka, domin wasu kamfanoni layi huɗu suke ninkawa su kira shi takwas, kuma layi shida masu ɗaukar amfiya 50 ko 60 kowanne sun fi goma na kayan arha. Ga Ryzen 5600, wanda iyakarsa ta asali wat 76 ce, kowane B550 mai ƙarfen sanyaya na kirki ya wadatar. MSI B550-A Pro da Gigabyte B550 Aorus Elite suna cikin waɗanda suka yi suna a wannan matsayi, a tsofaffi kuma akwai MSI B450 Tomahawk Max.

Abu na huɗu mutane suna raina shi: maɓallin sabunta BIOS (manhajar da ke cikin allon, wadda ke tada kwamfuta) ba tare da firosesa ba. MSI na kiransa Flash BIOS Button, Gigabyte Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS FlashBack. B450 ya fito a 2018, Ryzen 5000 a ƙarshen 2020, saboda haka allon da ya daɗe a shago ba zai gane sabon firosesa ba, zai bar ka da baƙin gilashi. Da maɓallin nan, filashi kawai za ka tsara a FAT32, ka sa fayil ɗin BIOS da sunan da kamfanin ya umarta (a MSI, MSI.ROM), ka jona wayar rami 24 da ta rami takwas, ka danna, ka jira fitilar ta daina ƙiftawa. In babu shi, sai ka yi yawon neman aron tsohon firosesa a gari.

Fitilun ado, Wi-Fi a jikin allo, ramukan M.2 uku (na SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri), duk wannan ba ya ƙara ko megahaz ɗaya. Abin da ka rage a nan ka kai shi kan fankar firosesa mai tsayi, mai bututun tagulla huɗu zuwa shida, irin su DeepCool AK400 ko Thermalright Peerless Assassin 120. Ƙaramar da ke zuwa a kwalin 5600 tana riƙe shi a gudunsa na asali, ba ta wuce nan.

Sai mu faɗa maka abin da mai shago ba zai faɗa ba. A zamanin i5-2500K, wanda ya fito a 2011, mutum yakan ɗaga firosesa daga gigahaz 3.3 zuwa 4.5 da fanka kawai, riba ce mai yawa. Na yanzu da kansu suke hawa har kusa da iyakarsu matuƙar sun sami sanyi, abin da ya rage maka ka tatsa bai taka kara ya karya ba. Ribar da za ka gani da ido tana cikin RAM da rage bolt, kamar yadda za ka karanta a amsa ta uku.

Malam, na sami Dell OptiPlex ɗan kwatano mai i7 a kasuwar Dole da arha. Zan iya ƙara masa gudu?

A'a. Kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo BIOS ɗinsu a kulle yake, firosesansu ba mai K ba ne, kuma da yawansu mahaɗar wutarsu da girman allonsu na kamfanin ne kaɗai, ba sa shiga kwango (gidan kwamfuta) na gama-gari. Ka sa masa SSD, ka cika RAM sanda biyu masu kama ɗaya, ka more shi a yadda yake. Inji ne mai juriya, ba na tsere ba.

Barkanku da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Ina da B550 da Ryzen 5 5600X. Na bi wani bayani na sa gigahaz 4.7 da bolt 1.35, a watan Janairu lafiya lau, amma da bazara ta shigo sai kwamfutar ta riƙa mutuwa da rana. Me ya canza?

Ɗakinka ne ya canza, ƙanenmu. Masu gwajin da kake karantawa suna aiki a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 25. A Damagaram, Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ba ya yin ƙasa da haka sosai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa, don haka duk digirin da ɗaki ya ƙara, firosesa ma ya ƙara kusan shi. Wanda ya tsaya a 78 cikin hunturu zai kai 93 ko fiye a bazara, iyakar 5600X kuwa 95 ce. Sannan silikon in ya yi zafi yana ƙara zubar da wuta kuma yana bukatar ƙarin bolt don ya riƙe gudun da yake riƙewa a sanyi. Shi ya sa saitin da ya zauna a Janairu ya faɗi a Afrilu.

Bolt ɗin naka ma ya yi yawa. Wutar da firosesa ke ci tana tafiya ne da bolt sau kansa: daga 1.20 zuwa 1.35 ƙarin kusan kashi 27 cikin ɗari ne na zafi, tun ba a lissafa ƙarin gudun ba. Ga Ryzen 3000 da 5000, ba ma son ganin bolt da aka kafe ya wuce 1.3 a ƙarƙashin aiki mai nauyi, domin a hankali yana cinye firosesa, wata rana ka tarar gudun da yake yi da 1.30 ya koma neman 1.35. Kafe gudu wuri ɗaya kuma yana kashe dabarar firosesan ta sauka da kansa in ya ji zafi.

Ga yadda za ka yi. Shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo. Ka fara da RAM ita kaɗai: sanduna biyu su zauna a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga firosesa, wato A2 da B2, sannan ka kunna XMP, saitin gudun RAM a BIOS (a allon ASUS na AMD sunansa DOCP). Ba tare da shi ba, RAM da aka rubuta wa 3200 ko 3600 tana tafiya ne a 2133 ko 2400 ko 2666, mutane da yawa sun shekara a haka ba su sani ba. DDR4-3600 ita ce ta fi dacewa da Ryzen 5000, domin tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da FCLK (gudun hanyar da ke haɗa sassan cikin firosesa) a 1800. Bolt ɗin RAM 1.35, na SoC (sashen firosesa mai kula da RAM) wajen 1.1, kada ya wuce 1.2. Ka gwada da manhajar MemTest86 zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, sauka zuwa 3400 ko 3200, domin RAM mai kuskure ba kullum take kashe kwamfuta ba, wani lokaci fayil take lalatawa a ɓoye.

In RAM ta zauna, je AMD Overclocking a BIOS, ka sa Precision Boost Overdrive (PBO) a Advanced, ka buɗe Curve Optimizer, ka zaɓi All Cores, Negative, ka rubuta 10. Abin da ka yi shi ne rage bolt da firosesa ke nema a kowane matakin gudu, kowace lamba ɗaya wajen milibolt 3 zuwa 5. Bolt ya ragu, zafi ya ragu, shi kuma da ya ga sarari sai ya hau da kansa. Ka gwada da manhajojin gwaji Cinebench R23 na minti 30 da OCCT na awa ɗaya, manhajar HWiNFO64 a buɗe kana kallon zafin firosesa da na VRM. In lafiya, koma 15, sannan 20. Iyakar ita ce 30, kuma ba kowane firosesa ke kaiwa ba, ko da lambarsu ɗaya. A nan akwai tarko: in ka rage fiye da kima, ba a lokacin aiki mai nauyi kwamfutar ke mutuwa ba, sai tana zaune ba ta komai, ko kana karatu a intanet, ta sake tashi da kanta. In haka ta faru, duba Event Viewer na Windows, in ka ga kuskuren WHEA mai lamba 18, rage lambar Curve Optimizer da biyar. Yawanci ƙwayoyin nan biyu da suka fi sauran gudu su ne ba sa jure ragi mai yawa, kana iya ba su 10, sauran 20.

A cikin saitin PBO akwai wurin kafa iyakar zafi. Sa 85. Kuma duk gwajin da za ka yi, yi shi da azahar a ranar zafi, kwango a rufe yadda kake amfani da shi. VRM muna son ya tsaya ƙasa da 90. In ya wuce, fanka ɗaya ta milimita 120 a saman kwango ko bayansa takan sauke shi sosai.

Na ga ana tallar madabod X99 haɗe da Xeon mai ƙwaya 12 da RAM, duka a kuɗin da bai kai na B550 shi kaɗai ba. Ba garaɓasa ba ce?

Garaɓasa ce ga wanda ya san abin da yake saya. Firosesan irin E5-2670 v3 na manyan kwamfutocin kamfanoni ne na 2014, gudunsa na asali gigahaz 2.3, iyakarsa 3.1, kuma a kulle yake. Abin da ake kira ƙarin gudu a kansu gyaran BIOS ne da ke tilasta wa duk ƙwayoyin zama a gudun sama, in ya karkace allo ya mutu. Da yawan allunan nan masu arha ma ba cifset na X99 ba ne a jikinsu, tsofaffi ne aka ciro daga wasu alluna, VRM ɗinsu kuma na ƙanana ne, ga firosesa mai wat 120. Don fitar da bidiyo da aikin da ke cin ƙwayoyi da yawa zai yi maka, in ka ɗora fanka tana hura VRM. Don wasa, Ryzen mai ƙwaya shida ya bar shi a baya, kuma wutar da zai ci ta fi yawa.

Malamai, wana zai je Kano ta Matamai, na ce ya sayo mini madabod na hannu. Me zan gaya masa ya duba?

Gani ya kori ji, saboda haka kada ya biya sai an kunna a gabansa. Ya haska soket da fitilar waya daga gefe. A allon Intel da na AM5 allurai suna cikin soket, jere suke kamar gashin buroshi, wadda ta lanƙwashe za ta yi ƙyalli daban da ƴan'uwanta, kuma guda ɗaya ta isa ta kashe ramin RAM ko ta hana allo tashi. A AM4 allurai 1331 suna jikin firosesa ne, sai ya duba can. Ya juya allon ya kalli bayan VRM: in launin ya koma ruwan ƙasa ko ya ji ƙauri, an gasa shi. Ya leƙa cikin mahaɗar rami takwas ko robar ta narke. Ya sa a gwada sandar RAM ɗaya a kowane rami cikin huɗun, ɗaya bayan ɗaya, a shiga BIOS kowane karo. Ya karanta lambar BIOS ya tabbatar tana ɗaukar firosesanka.

Ƙananan abubuwa su ke ba da wahala in an dawo gida: ƙarfen bayan soket na AM4 da robobinsa biyu, farantin da ke rufe mahaɗun baya, da ɗan sukurun M.2. In babu ƙarfen bayan nan, fankoki da yawa ba sa ɗauruwa. In allon LGA1700 ne, ya karanta ko na DDR4 ne ko na DDR5, domin akwai iri biyun kuma ba sa musanya. Wanda zai ɗora masa Intel na zuriya ta 13 ko 14 ya sabunta BIOS zuwa mai gyaran 0x12B ko sama, wanda Intel ya fitar a Satumbar 2024 saboda matsalar yawan bolt da ke lalata su. Ka kuma sani, Intel da AMD duka sun ce ƙarin gudu yana zubar da garanti, kayan da ya tsallako iyaka a jaka kuwa da ma ba shi da wurin mayarwa.

Wutarmu tana yawan ɗaukewa, wani lokaci ta dawo da ƙarfi. Zai shafi ƙarin gudun?

Zai shafi kwamfutar gaba ɗaya. Kada ka ɗora madabod mai kyau a kan akwatin wutan da ya zo kyauta da kwango. Nemi na sanannen kamfani, wat 550 zuwa 650, mai shaidar 80 Plus Bronze, sannan UPS (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke). Lura da lambarsa: wanda aka rubuta wa VA 1000 yawanci wat 600 yake ɗauka. Wasu akwatunan wuta na zamani suna mutuwa a daidai lokacin da UPS mai arha ya karɓi aiki, ka gwada ta hanyar zare filogi daga bango kwamfuta tana aiki. Kada ka taɓa sabunta BIOS ba UPS, ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya barin allo ba rai. In kwango yana ɗan jan hannu in ka taɓa, gidan ba shi da wayar ƙasa, kira mai gyaran lantarki ya kafa ta.

Ƙura kuma: fanka biyu masu jawo iska a gaba da raga, ɗaya mai fitarwa a baya, kwango a kan tebur ba a ƙasa ba. Lokacin hunturu ka hure shi duk wata, kana riƙe da fikafikan fanka kada su juya. Iskar lokacin a bushe take, ka taɓa ƙarfen kwango kafin ka taɓa allo.

Na canza saiti a BIOS, yanzu fanka na juyawa amma gilashi baƙi ƙirin. Na ƙona shi ne?

Da wuya. Kashe akwatin wuta ka zare filogi, ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma. Nemi allurai biyu masu rubutun CLR_CMOS ko JBAT1 a ƙasan allo, ka haɗa su da bakin sukundireba na daƙiƙa goma. In ba ka gan su ba, cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na minti biyar ka mayar. Farkon tashi yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu yana sake gwada RAM, kada ka kashe. In bai tashi ba, bar sandar RAM ɗaya a rami na biyu ka sake. Yawancin alluna suna da ƴan fitilu huɗu masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna inda ya maƙale. In ya dawo, canza abu ɗaya tak a kowane shiga, ka rubuta shi a takarda kafin ka danna F10.